Bawana Babarbare, mayar wa yarinya littafinta

Ba na Manga, bawan Fulani tun kaka da kakanni! Labari ya iske ni har ruga cewa ka ƙwace wa autarka littafin zane da ta aro a lakwal, ka cusa shi ƙarƙashin buhun tattasai, wai an kawo maka maita gida. Kai da ka iya tsayawa gaban dillalan Maiduguri kana ciniki ba ko ƙiftawa, ashe hoton yaro mai fiƙa biyu ne zai hana ka barci?

Zauna in karanta maka, tunda na san tabaraunka na kwalliya ne. Sunan littafin Petit Vampire, wani Bafaranshe Joann Sfar ya fara fitar da shi a 1999. Ɗan ƙaramin mai shan jini ne da ke sha'awar makaranta, amma ba ya iya fita sai dare. In ya je, aji wayam. Sai ya zauna a kujerar wani maraya mai suna Michel, ya buɗe littafinsa, ya yi masa aikin gida. Daga nan suka fara barin wa juna saƙo, har maraya ya samu dangi cikin dodanni. Abin da ka ɓoye ke nan: dodon da ke yi wa yaro lissafi. Kai yaushe rabonka da duba na auta?

Kuma ko na gaske ne, me zai ci a Diffa? Turawa, tun littafin Dracula na 1897, sun ɗora wa halittar nan sharuɗɗa masu wuya. Rana na karya shi, to ya zo ya gwada ta watan Afrilu a N'Guigmi. Ba ya ƙetare ruwa mai gudu yadda ya ga dama, ga Komadugu a kwance; ko da yake ruwan naku ma na aro ne, daga Haɗeja da Jama'are yake gangarowa, in bazara ta yi sai yashi. Yana gudun tafarnuwa, ina ga hayaƙin turaren wutar matanku da yajin da ke sa baƙo kuka. Babban tarkon shi ne ba ya shiga gida sai an ce masa bismillah. A ƙofar Babarbare! Wushe, wushe, ya gida, ya yara, ya gona, ya kakar kakarka, wushe. Kafin ka gama gaisuwa alfijir ya keto, baƙo ya koma kabarinsa da yunwa. Masu shan jinin da na sani a bakin kogi sauro ne, su kuwa ba ka taɓa ƙwace musu komai ba.

Maita kam ba sai an yi mana odarta daga Faransa ba. Wa bai taso da labarin ƙanƙarar maita da kamun kurwa ba? Kakarka da bakinta ta ba ka tatsuniyar Dodo, ka kwana kana fitsari a tabarma, ba wanda ya ƙwace kakar. Wadda nake tsoro ita ce maitar da ake laƙa wa mai rai: yaro ya yi zazzaɓi, maimakon a nufi likita sai a nuna tsohuwar da ba ta da kowa, a taru a kanta wai sai ta tsallake shi. Yaran da suka kalli Kirikou na 1998 sun fi mu wayo a nan, don sun ga ƙaramin yaro yana tambayar me ya sa Karaba ta zama muguwa, har ya gano ƙaya ce aka soka mata a baya.

Yanzu bari in yabe ka, ko da yake harshena na ɗaci. Tun 2013 mutanen Borno suka fara ƙetaro kogi. Bayan harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairu 2015, aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi, bukkoki suka jeru a gefen babbar hanya. An buɗe sansani a Sayam Forage, amma mafi yawa a wajensa suka zauna, da dama a gidajen mutane irinka. A lokacin an hana babur, an hana cinikin tattasai da banda, aljihu ya bushe, duk da haka aka ƙara ruwa a tukunya. Na ga tsakar gidanka: yara tara a kwano ɗaya na burabusko, na tambayi uwargida wanne ne baƙon Damasak ta Borno, ta harare ni ta ce duk nata ne. Marubutan Turai sai sun haɗa maraya da fatalwa kafin su samu irin wannan iyali; a Amurka har an yi wa ƴan gudun hijirar sansanin Dadaab littafin zane a 2020. Naku fa, wa ya zana? Ga jami'a a Diffa tun 2014, ga yara masu zane a bangon kowane shago da gawayi, kai kuwa kana gadin buhu.

Ranar Talata ina shigowa kasuwa da bijimai biyu. In same ka da littafin a hannu, an kakkaɓe masa yaji, da banda ƙwarya guda ta tara. In ka ƙi, UNESCO ta san da wasan Fulani da Barebari tun 2014, can zan kai ƙarar bawana.