Mu Mutanen Kumbotso da Awon Igiya

Jama'a a faɗi gaskiya, a nan Kumbotso wa ye ba dillalin fili ba? Tela dillali, mai shayi dillali, malamin makaranta ma da an tashi yara sai ya ja ka gefe ya ce akwai wani fuloti a bayan Panshekara, mai shi ya matsu, yau in ka ajiye kafin alƙalami ya zama naka. Mu ne muke kukan filaye sun yi tsada, mu ne kuma da mun ji an ce za a zuba kwalta sai mu ninka kuɗin namu kafin la'asar.

Ba laifin masu tururuwa ba ne. Cikin birni ya cika ya batse, haya ta hana magidanci barci, nan kuwa ga titin Zariya, ga masana'antun Challawa, ga gidajen Kwankwasiyya da aka gina tsakanin 2011 da 2015 suna ba mutum sha'awa. In ka miƙa Kura ko Bunkure, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin magudanai rani da damina, shinkafa da tumatirin Kadawa a ƙofar gida. Wa zai ƙi?

To amma mu da awon igiya sai Allah! A yanka gona, a bar hanyar da Adaidaita Sahu ba zai iya juyawa ba, kowa kuma ya ci taku biyu daga cikinta ya kafa dakali. Damina ta zo, ruwa ya rasa mafita, mu taru a gindin bishiya muna zagin maƙwabci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna kewaye fili da bulo, mu sa ƙofar ƙarfe ta alfarma, ɗaki ko ɗaya babu, a shuka kuɓewa a ciki shekara da shekaru. Mu sayar da gonar gado mu sayi babur, sannan mu riƙe baki in an faɗi kuɗin kwanon shinkafa.

Duk da haka, baƙo ya tare yau, gobe an aiko masa da tuwo, jibi yana sahun gaba a masallacin unguwa. Wannan ne yake jawo mutane gare mu. Saboda haka, Alhaji, in za ka yanka gonarka, bar mana hanya da kwata da filin makaranta, gonakin noman rani kuwa a ƙyale wa jikoki.