Ranar Da Nauyina Ya Faɗi A Sabon Gari

Duk wanda ya san majalisarmu ta bakin Wapa a Fagge ya san ni da abu ɗaya: ba a kawo zance in rasa ta cewa. Ko canjin dala ake, ko farashin shadda a Kantin Kwari, ina da fatawa. Uwargida takan ce da surutu noma ne, da tuni ni ke ciyar da Kano da kewaye.

To, Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A taron iyaye da malamai na makarantar 'yata, wata firamaren kuɗi a Sabon Gari, ana tsaka da maganar ƙarin kuɗin makaranta na miƙe, ba wanda ya tambaye ni. Na shaida wa jama'a cewa tun 2003 Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara, amma Kano ba ta samu tata ba sai a watan Mayun 2023, da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan dokar kare yara ana saura 'yan kwanaki ya sauka. Aka tafa, na zauna ina hura hanci. Ana tashi shugabar makarantar ta tare ni, ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kai muke nema. Ranar Yara ta 27 ga Mayu ta ƙarato. Ka zo ranar Alhamis ka yi wa 'yan aji uku da huɗu bayani a kan haƙƙinsu da nauyin da ke kansu." Kafin ta rufe baki na amsa.

Dare uku na yi ina shiri, na cika shafi 12. Na rubuta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 20 ga Nuwamban 1989 mai sassa 54, da yadda Najeriya ta amince da ita a 1991, da yarjejeniyar Afirka da aka ƙulla a Addis Ababa a 1990. Uwargida ta leƙo ta ga takardu, ta ce, "Abban yara, 'yan shekara takwas ne fa, ba alƙalai ba." Na ce da ita harkar ilimi ce, ta bar wa masu ita. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar nan da ta riga ta san ƙarshen labari.

Ranar Alhamis na zuba babbar riga mai aska takwas, na kafa hula, na tari adaidaita sahu. A shataletalen Bata muka tarar da cunkoso, muka yi ta jan ciki har France Road. Ƙarfe takwas aka ce, ban iso ba sai takwas da rabi. A bakin ƙofa na tarar da yaran da suka makara an sa su tsintar shara. Na wuce ta gabansu ina baza riga, alhali layi na farko a shafina na goma cewa yake yi: nauyin ɗalibi ne ya zo makaranta a kan lokaci.

Ajin cike yake da irin yaran Sabon Gari: Hausawa, Ibo, Yarbawa, 'yan Kudancin Kaduna, kowa na jin Hausa kamar a bakinsa aka yanka ta. Na gyara murya na fara zuba shekaru da sassa. Ban kai shafi na biyu ba na ga idanu sun fara lumshewa, wani a baya yana ƙirga ƙudaje. Don in farkar da su na tambaya, "Wa ya san mene ne haƙƙi?"

Wata 'yar ficiciya ta ɗaga hannu. "Ankul, abinci ne."

Na ce a'a, haƙƙi ba abinci ba ne, ba a cin sa.

Ta ce, "Ana ci mana. Kullum Mamata tana cewa mai gidan hayarmu ya ci haƙƙinta."

Malamar ajin ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na laluba shafuka 12 kaf, ban samu amsar da ta kai ta yarinyar ba.

Na tsallaka sashe na 12 na yarjejeniyar duniya, wanda ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma saurare shi. A nan na ji daɗin kaina, murya ta buɗe. Ina cewa dole babba ya saurari yaro, wani ɗan Ibo a layin gaba yana ta ɗaga hannu, "Ankul! Ankul!" Na share shi. Ya sake. A karo na uku na daka masa tsawa: "Kai, sauke hannun nan! Ba a koya maka cewa ba a katse babba ba?" Yaro ya sauke hannu. Na ja kujerar da ke gefen allo don in huta.

Ban san ƙafarta uku ba sai da na ji ni a ƙasa. Hula ta yi gabas, takardu suka yi yamma, babbar riga ta rufe ni kamar an kifa kwando a kan kaza. Daga ƙarƙashinta na jiyo muryar yaron a hankali: "Ankul, dama abin da nake son faɗa maka ke nan."

Aka tashe ni, aka kakkaɓe ni. Mai hankali da ya yi sallama daga nan. Ni sai na ce bari in farfaɗo da martabata da sashe na 7, mai cewa a yi wa yaro rajista da an haife shi, ya samu suna da ƙasa. Na kawo musu yadda mu ma tun asali suna mai kyau haƙƙin ɗa ne a kan uba, shi ya sa ake raɗa shi ran bakwai. Na ce takardar haihuwa kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke ba da ita, duk uban da bai karɓo wa ɗansa ba ya yi sakaci babba. Na maimaita "babba" har sau biyu.

Sai na ga hannun da na sani ya tashi a layi na uku. 'Yata ce ta cikina.

"Abba, autanmu ba shi da ita. Umma ta ce tun ranar suna kake cewa gobe."

Autan nan ya shekara uku.

Ana haka aka kaɗa ƙararrawar tara, ban ko taɓa ɓangaren nauyi ba. A cikin minti biyu na dunƙule shi: ku girmama iyaye da manya, ku taimaka a gida, ku riƙe karatu, ku tsaftace muhalli. Malama ta miƙo mini fiya wata, na shanye a tsaye, na yar da ledar a tsakar makaranta kamar yadda hannuna ya saba shekara da shekaru. Ban yi taku biyar ba na ji an ja mini riga. 'Yar ficiciyar nan ce, riƙe da ledar da yatsu biyu.

"Ankul, nauyinka ya faɗi."

A hanyar komawa, daidai Kantin Kwari, na sayi gyaɗa wajen wata yarinya mai talla, sa'ar 'yata. Sai da na yi ciniki, har da neman gyara. Ina ɓare ta biyu na tuna ƙarfe goma da rabi ne na safiyar Alhamis, kuma tun 2004 doka ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Ban tambaye ta makarantarsu ba, gyara na tambaya. Gyaɗar nan ba ta wuce mini maƙogwaro da daɗi ba.

Da yamma na ce da 'yata ta ɗebo mini ruwan alwala. Tana tsaka da 'yar gala-gala, ta ɗago ta ce, "Abba, sashe na 31: yaro yana da haƙƙin wasa da hutu." Ashe ita ta tattara takardun da suka watse. Na ce madalla, ta buɗe shafi na goma sha ɗaya, ta ga sashe na 31 na yarjejeniyar Afirka, wanda ya ɗora wa yaro girmama iyaye da taimaka musu. Muka tsaya cirko-cirko, ita da 31 ɗinta, ni da nawa. Uwargida ce ta raba gardama daga bakin murhu: "Ke, kai wa Abbanki buta ki dawo ki ci gaba da wasanki. Kai kuma Abban yara, goben nan taka yaushe za ta waye?"

Washegari tun kafin masallacin Juma'a na Fagge ya cika na karɓo takardar auta. Abin da na shekara uku ina ɗagawa bai ci mini wuni guda ba.

Abin da na koyo a ƙasan allon nan shi ne, haƙƙin yaro bashi ne a wuyan babba, kuma wanda bai biya nasa ba bai kamata ya ɗaga murya wajen karɓar na wani ba. Yaro ba shafi 12 yake karantawa ba, hannunka yake kallo.

Don haka ɗan'uwa, in an gayyace ka yi wa yara wa'azin haƙƙi da nauyi, ka je a kan lokaci, ka sa ledarka a aljihu, ka duba ko 'ya'yanka na da takardar haihuwa. In kuma yaro ya ɗaga hannu, don Allah ka saurare shi kafin ka zauna.