Wasiƙa daga Mancesta: Kantin da Ba a Ganin Kayansa

Zuwa ga taubashina kuma bawana na gado, Ɗanlami tela.

Ina lafiya, sai sanyi. Maganar fili na ji, a bar ta sai na kira Kawu. Karatu na tafiya, mura ta sake ni, akwatina ma ya fito. Yanzu ajiye almakashi ka gyara zama.

Na samu aiki. Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarje wa mutum a mako, to nawa awannin a wani kantin tufafi nake kashe su, wanda ke ciniki ta intanet. Kada ka yi saurin kai wa Inna albishir, kayan ’yan goth muke sayarwa. Wasu bayin Allah ne da suka yi wa baƙi mubaya'a: riga baƙa, wando baƙi, farce baƙi, leɓe baƙi, ga takalmin Dr. Martens da sai ka yi bismilla kafin ka ɗaga ƙafa. Ba wanda ya rasu musu, na bincika. Daga kiɗa abin ya faro a nan Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1970. A garin nan akwai wani gini, Afflecks, tun 1982 ake sayar da irin kayan nan a cikinsa hawa-hawa. Suna da taronsu a Whitby, bakin teku, tun 1994, wai don a can ne mai shan jinin nan Dracula ya sauka daga jirgin ruwa a littafin Bram Stoker na 1897. Mutumin da ba a taɓa haifa ba, Ɗanlami, shi ake yi wa ziyara da kuɗin mota.

Duk wannan mai sauƙi ne. Shafinmu na intanet shi ne abin kallo, in da ana ganinsa. Bango baƙi ƙirin, rubutu ruwan toka mai duhu, harufan kuma masu ƙaho da jela. Hoton rigar fa? Baƙar riga, jikin yarinya mai baƙin gashi, a maƙabarta, da daddare, sannan aka turo hayaƙi don kada a ce an yi rowa. Abin da mai saye ke gani fuska ce da tafin hannu biyu suna shawagi. Akwai wurin zaɓen launi kuwa, ka latsa ya zubo maka jeri: baƙin dare, baƙin hankaka, baƙin gawayi, baƙin kabari. Na dube su da ido, na dube su da tabarau, na kira wani ɗan Zariya da ke digiri na uku ya taya ni, har yau ba mu raba hankaka da gawayi ba. Uwar ɗakina mai kantin kuwa daga nesa take bambance su, har ta yi mamakin makantarmu.

Kafin ma ka kai nan sai ka ci jarrabawa. Allo ya tare ka yana neman izinin bin sawunka, wani ya faɗo yana roƙon imel ɗinka da alkawarin ragi. Kwandon saye an zana shi da siffar akwatin gawa, ƙanƙani a lungu, a waya sai ka auna shi da ɗan ƙaramin yatsa. Kuɗin aike ba ya fitowa sai ka gama rubuta sunanka da na unguwarku, sa'annan ya yi maka sallama. Doka kuma ta ba wanda ya saya ta intanet kwana 14 ya fasa. Haka kaya ke dawowa buhu-buhu, wannan ta ce ta ɗauka doguwar riga ce ashe mayafi ne, wancan ya ce wandon bai wuce gwiwarsa ba. Wa ke kwance ƙunshin? Ubangidanka.

Da na gaji sai na samu uwar ɗakina. Na ce, ranki ya daɗe, a Kantin Kwari ko yaron shago ya san in atamfa ta shige duhu fito da ita ake yi bakin ƙofa a warware wa mai saye. Na kawo mata ƙa'idar da masu gina shafuka ke bi, cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, saboda masu raunin gani. Na ce a rubuta awon ƙirji da ƙugu da tsawo da inci a gefen kowace riga, a faɗi kuɗin aike tun farko. Ta yi shiru, ta ce haske zai zubar mata da mutunci wurin jama'arta. Daga baya ta sauko: rubutu ya yi fari, hotuna sun koma gaban bango ruwan toka, awo ya fito fili. Akwatin gawa ne ta ce sai bayan ranta. Yanzu in baƙi sun zo nuna ni take yi, wai ƙwararrenta daga Kano. Ka faɗa a majalisa, da ƙarfi.

Kai kuma arzikinka na nan yana jiranka. Yagaggen wando ya fi lafiyayye tsada, riga mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere ita ce ta manya. Kaftanin sallar da ka ɗinka mini, wanda aljihunsa ya koma baya, da a nan ne da tuni an saka shi a gilashi.

Abokan aikina mutanen kirki ne fa, har wurin salla suka share mini a ɗakin ajiya. Ran Juma'a na shigo da farar shaddata, suka kewaye ni suna shafa aikin wuyan. Abin da na rasa shi ne ciniki. Babu taya, babu albarka, babu a kai kasuwa. A Disamba tun kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, in na koma ɗaki nakan buɗe shafin in cika akwatin gawar da kaya, in zauna ko wani zai ce nawa na saya. Ba mai cewa uffan.

Kada a aiko kilishi, kwastan ba sa barin nama ya shigo. A saka kuka da yaji da daddawa a hannun mai tahowa. Kuɗin shara na bana yana wuyanka, nisa ba ya yafe shi. Ka gaida Inna da Kawu da amarya, kuma ka riƙa ɗaga waya in na kira, ko kana kan keke.

Naka ubangidan,
Sule