Gyaran Tankin Masai Ba Tare da Fulamba Ba

Da farko dai, maigida, tuɓe babbar riga. Ba a shiga wannan aiki da malum-malum. Sannan ka sallami 'yan kallo, musamman uwargida, wadda tun kafin ka ɗauki filaya za ta ce, "Malam, da dai ka kira mai gyara." Kada ka tanka. Amsarka tana cikin aikin, in Allah Ya sa an dace.

Leƙa ƙasan tankin, inda tiyo ya fito daga bango, za ka ga wani ɗan famfo. Murɗa shi dama ya rufe. Wanda ya tsallake wannan mataki, wankan da bai yi niyya ba yana jiransa. In tsatsa ta kama shi ya ƙi motsi, kada ka nuna masa ƙarfi, je ka rufe ruwan daga babban tanki na sama. Sai ka ɗaga murfin da hannu biyu, ka kwantar da shi a ƙasa kan tsumma. Tangaran ne, in ya fashe da wuya ka samu mai sayar maka da murfi shi kaɗai. In mai maɓalli ne a sama, fara kwance zoben maɓallin.

Daina yatsine fuska, ruwan cikin nan shi ne wanda kake alwala da shi. Kayan ciki kuwa ba su kai a ji tsoronsu ba: akwai mashigar ruwa, akwai ƙwallon da ke yawo a sama yana rufe ta in tanki ya cika, akwai kuma abin da ke sakin ruwan in an danna.

In ka danna hannun tankin ka ji shi sakwaf, galibi ƙugiya ce ko sarƙa ta zame. Mayar da ita. In ta tsinke, ɗan guntun wayar wuta ta jan ƙarfe zai riƙe, don ba ta tsatsa. Aikin minti biyu ne, amma ka daɗe a ciki kana ɗan buga sifana, don a san an sha wahala.

Babban ɓarawo shi ne ruwan da ke tsiyaya cikin masai dare da rana ba wanda ya taɓa shi. Tankin zamani lita 6 yake saki a dannawa ɗaya, tsofaffi kuwa 9 ko fiye. Ke nan jarka mai lita 25 da ka saya wurin ɗan garuwa dannawa huɗu ce kawai, ga kuma wani yana sha a ɓoye, sokawe na cika a banza. Don kama shi, sake buɗe famfon, bari tanki ya cika, ka zuba kofin zoɓo a ciki, ka jira kamar minti 20 ba a danna ba. In ja ya bayyana a cikin masai, kuma ruwan bai kai bakin bututun ambaliya da ke cikin tankin ba, robar da ke toshe ƙasan tankin ce ba ta zama daidai. Ka dai sanar da mutanen gida tukuna, kada wani ya shiga ya ga jan ruwa ya fito yana salati a nufi asibiti. Sau da yawa yashin rijiyar burtsatse ne ya maƙale ƙarƙashin robar, wanki kawai take so. In ta bushe ko ta tsage, cire ta ka sa a aljihu ka tafi da ita kasuwa, in a Kano kake ka nufi Ƙofar Ruwa. Kada ka je kana kwatance da yatsu kana cewa "wata 'yar roba ce kamar haka." Za a ba ka wata 'yar roba kamar haka, ba kuma za ta shiga ba.

In kuwa tankin cika yake yi ya ƙi tsayawa, ɗaga sandar ƙwallon da yatsa. Ruwa ya tsaya? To, saiti ne. Sandar tagulla ana lanƙwasa ta ƙasa a hankali, ta roba kuma akwai ɗan sukurun da ake juyawa, har ruwa ya riƙa tsayawa kamar yatsa biyu ƙasa da bakin bututun. Girgiza ƙwallon, in ka ji ruwa a cikinsa ya huje, sai sabo.

Wajen ɗaurewa ake rasa ido garin neman gira. Notunan kayan tankin na roba ne, hannu ya ishe su, sai ɗan ƙari kaɗan. In ka kwance tiyo, naɗa farin tef a zarensa kafin ka mayar. Robar tiyub ɗin keke, wadda muka ɗauka maganin kowace cuta, a bar ta a jikin keke.

Amma in ka ga tangaran ya tsage, ko ruwa na ɓullowa daga gindin masai, ko ka gama haɗawa ka ga sauran kaya uku a hannunka, ajiye filaya ka nemi fulamba. Kafin ya iso bokiti ya wadatar, a sheƙa ruwan gaba ɗaya da ƙarfi. In ya tambaya wa ya taɓa, faɗi gaskiya, domin uwargida ta riga ta gaya masa a waya.