Masu Cewa Amurka Ba Ta Asara, Ku Matso Kusa

Na san ku sarai. Kuna nan kan bencin mai shayi, rediyo manne da kunne, da zarar mutum ya ce Amurka ta tafka asara a Afganistan sai ku kece da dariya: "Kai yaro ne. Bature ba ya faɗuwa, da gangan suka tafi." To Alhaji, ajiye kofin mu yi lissafi.

Ranar 7 ga Oktoba, 2001 aka fara ruwan bama-bamai, kafin tsakiyar Nuwamba Taliban sun fice daga Kabul. Ashe ganin kitse aka yi wa rogo. Jirgin ƙarshe bai tashi ba sai 30 ga Agusta, 2021. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon farko sai da ya yi gemu, ya isa sa kaki, yaƙin na nan. Bush ya miƙa wa Obama, Obama ya miƙa wa Trump, Trump ya miƙa wa Biden, kamar bashin gado. A 2009 Obama ya ƙara soja 30,000, har adadin ya kai wajen 100,000. Usama bin Laden da aka je nema, a Mayun 2011 aka kashe shi, a Abbottabad ta Pakistan ma. Mai nema ya samu, amma sai ya gyara zama na wasu shekaru goma. Wannan ma da gangan ne, Alhaji?

Na ji wani daga baya yana cewa ai su ke buga dala. Madalla. Masu bincike na Jami'ar Brown sun ƙiyasta kuɗin yaƙin a dala tiriliyan 2.3, wato wajen miliyan 300 kowace safiyar Allah. Kuma yawanci ranto su aka yi. Kuɗin ruwa na tafiya, jinyar sojojin da suka dawo ba ƙafa ko ba barci za ta ci gaba har jikokin Bush su yi furfura.

Bari in ba ku abin taɓa baki. An sayo wa sojan Afganistan jiragen dakon kaya guda 20 ƙirar Italiya, a kan dala miliyan 486. Suka ƙi tashi yadda ya kamata, aka jibge yawancinsu a gefen filin jirgin Kabul, ciyawa ta tsiro. Daga baya aka sayar da 16 a matsayin gwangwan, a kan dala 32,000. Ko ɗan jari-bola na unguwarmu ba ya samun irin wannan garaɓasa. Sai kaki: an zaɓo musu mai zanen kurmi, a ƙasar da itatuwa ba su rufe fiye da kashi biyu cikin ɗari ba. Soja ya tsaya kore shar a kan tsandauri, wai ya ɓuya.

Inda kuka ɗan kama gaskiya shi ne da kuka ce wasu sun ci. Sun ci kam, kamfanonin makamai da 'yan kwangila, har sun yi gyatsa. Amma in dillali ya yi ƙiba a cinikin da maigida ya rasa gona, ba a cewa gidan ya ci riba.

Nan zan ɗan sauke murya. Sojan Amurka sama da 2,400 aka kai gida a akwati. Soja da 'yan sandan Afganistan wajen 66,000, fararen hula fiye da 46,000. Waɗannan ba sa cikin zolayata.

Kuma ba wai ba a ga gawar wasu a hanyar ba. Ingila ta kwashi kashinta a hannu a 1842, Tarayyar Sobiyet ta shiga a 1979 ta fita a 1989. Kowaccensu da takalmi ta shiga.

A Fabrairun 2020, a Doha, Amurka ta zauna ta sa hannu kan yarjejeniya da mutanen da ta zo kora. A Yulin 2021 ta sulale daga sansanin Bagram cikin dare. Ranar 15 ga Agusta Shugaba Ashraf Ghani ya ranta a na kare, Taliban suka shiga fada suna ɗaukar hoto a kan teburinsa, motocin Amurka na jiransu a waje.

Har yanzu da gangan ne? To shi ke nan, Alhaji. Mai shayi, ƙaro mini madara da ƙwai uku, a rubuta a asusunsa. Da gangan zai biya.