Injiniyan Tankin Hajiya

Tankin ruwan gidanmu da ya cika sai ya yi ta shayar da bango da kajin maƙwabta. Na ce wa Hajiya ta sha kuruminta, zan haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa kashe injin ruwa da kanta. Tun daga ranar sunana ya koma Injiniya, har da 'yar dariya a ƙarshensa.

Na sayo ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016. Allon bai fi ɗan yatsa tsawo ba, amma har Wi-Fi gare shi. Ina jona shi da kwamfuta jar fitila ta kama tar, na yi hamdala. Ashe fitilar nan ba ta shaidar komai sai cewa wuta ta shigo. Kwamfuta ko tari ba ta yi ba, babu tashar COM ko ɗaya a jeri.

Kebul na ƙwarai zare huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na saƙo. Nawa kuwa na fankar caji ne, zare biyu kacal, kuma a ido ba ka bambanta su. Haka na bi gida ɗaki-ɗaki ina karɓar kebul kamar mai karɓar haraji, har na dace da na Yaya yana barci.

Sai kwamfuta ta ce ta ga baƙo, amma ba ta san shi ba. Direban CH340 take nema, ɗan guntun da ke tafinta tsakanin USB da allon. Na sauke, COM5 ta bayyana.

Na danna tura shiri. Ɗigo-ɗigo suka fara jeruwa a ƙasan allon kwamfuta, can sai jan rubutu: an gaji da jira. Shi ESP32 ba ya karɓar sabon shiri sai an ja ƙafarsa ta GPIO0 ƙasa lokacin da yake farkawa, aikin maɓallin BOOT ke nan. Na danne shi da babban yatsa, ɗigo na tafiya, ina riƙe da numfashi. Daidai nan na ji shaaa a tsakar gida.

"Injiniya! Tanki ya cika!"

"Hajiya, ina zuwa, ba zan iya sakin hannuna ba!"

"To ai ruwan ma bai saki ba."

Na tafi na kashe inji da hannu, na dawo da jiƙaƙƙen wando. Wannan karon ESP32 ya amsa, amma shirin ya ƙi rubutuwa. Mai laifin ƙarshe ma'aunin ruwa ne da ke maƙale a ƙafa ta 12. Idan ƙafar nan tana sama lokacin farkawa, sai a ba ma'ajiyar shirin wuta bolt 1.8 maimakon 3.3, ta yi shiru abinta. Wanda ya tsara haka yana da hujjarsa, amma a ganina ya kamata a zana ƙwarangwal a gefen ƙafar.

Na zare ma'aunin, na sake dannewa. Lissafi ya fara hawa, kashi 10, kashi 40, kashi 70. Ƙofa ta buɗe, Yaya ya shigo da ido jajir, ko sallama babu, ya miƙa hannu ya fizge kebul ɗinsa.

"Wayata saura kashi 2," in ji shi.