Gyaran birkin baya a sauƙaƙe: jagora ga mai ƙaunar araha

Mai neman shawara kyauta kan birkin baya kada ya wahalar da kansa zuwa gareji. Ya faka gaban majalisa bayan La'asar, ya ce motar tana ƙara in ya taka. Kafin shayi ya tafasa zai samu injiniyoyi biyar, uku daga ciki ko keke ba su taɓa mallaka ba. Shawarar da ta fi farin jini ita ce a toshe bututun man da ke zuwa baya, kowa ya huta. Kuma suna da hujja, domin birkin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na tsayar da mota. Ragowar, a lissafinsu, addu'ar tafiya ta wadatar. In birkin hannu ya daina kamawa saboda shu ɗin birkin baya ya cinye, ai Allah bai hana mu duwatsu ba, a ajiye guda a but. Man birki kuwa, wani dattijo zai rantse cewa ruwan omo ma yana yi. Yana yi mana, har ranar da za a gangara Hawan Kibo. Ruwa yana tafasa a digiri 100, sabon man DOT 4 sai ya kai 230, kuma da zarar ruwan ya zama tururi ƙafa za ta nutse har ƙasa, motar ta ci gaba da harkar gabanta.

Za a ce abin da sauƙin faɗa, aljihu ne babu. Gaskiya ne, amma mai rowar gaske shi ya fi kowa saurin zuwa gyara. Shu yana cikin kayan mota masu sauƙin kuɗi. In aka bar shi har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, sai an haɗa da dram, kuɗi ya ninka. Don haka a cire tsohon, a tafi da shi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a gwada da sabo ido da ido, a taya kamar za a yi faɗa. A canja dama da hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizgewa gefe guda. A leƙa silinda: in tana yoyo, mai zai jiƙa sabon shu, an yi asarar kuɗi ke nan.

Wani zai ce makanikai ba su da amana. To, a ja benci a zauna, a ce, "Oga, tsohon kayan nawa ne, a sa mini a leda." A kuma tsaya har a fitar da iska, yaro yana ciki yana bugawa, maigida na ƙarƙashi yana ihun "Taka! Riƙe!" Wanda ya ga duk wannan ɓata lokaci ne, don Allah ya rubuta a gilashin gabansa cewa ba shi da birki, masu adaidaita sahu su san wanda ke biye da su.